Awon Sauti

Dubu goma sha takwas na ba Chibuzo a Sabon Gari.
Ya ce jitar ta wani ɗan coci ce da ya koma gida.
Tsirkiya biyar gare ta. Ta shida
sai da na ɗinke kaftani uku na saya.

Ni tela ne, ɗan Fagge.
Da ido nake sanin faɗin kafaɗa,
ina gane inda wuya zai matse tun ba a yanka ba,
amma ranar da na ɗora abin nan a cinya
sai na koma yaron shago,
wanda ba a ba shi komai sai guga da maɓalli.

Ba ni da malami.
Ina da littafin awo, da biro, da dare.
A bayan shafin Alhaji Ɗanliti,
tsawo hamsin da biyu, hannu ashirin da huɗu,
na ja layi shida, na gitta su da gaɓoɓi,
na fara ƙirga.

Ashe shi ma sauti da tef ake auna shi.
Taku goma sha biyu, sai ka dawo ƙofar da ka bari,
gida ɗaya, amma a saman bene.
Biyu, biyu, ɗaya,
biyu, biyu, biyu, ɗaya.
Sati guda ina maimaita wannan a adaidaita sahu
har direba ya zaci canji nake nema.

Kan yatsuna ya fashe, ya warke, ya yi kanta.
Yanzu allura ta soke ni ba na ji.

Na ɗauki na farko, da na uku, da na biyar,
na kaɗa su tare, ɗakin ya yi haske.
Na ja na ukun baya, gaɓa ɗaya tak,
ko faɗin kalmasa bai kai ba,
sai ga sautin ya sunkuyar da kai
kamar mai dawowa daga gaisuwar mutuwa.
Na daɗe zaune.
Iyakar nisan ke nan tsakaninsu?

Da rana keken ɗinki ke riƙe mini lokaci.
Ɗaya, biyu, uku, huɗu, ƙafa na kan feda.
Janaretan mai aski yana gunji a kan tsirkiya ta biyar.
Har shiru ma ana ƙirga shi,
wannan ya fi ba ni wuya,
ni da aka sani da katse mutane.

Akwai wani abu da ban faɗa wa kowa ba.
Babanmu, in yana yanka yadi,
yakan yi wani ɗan gunguni ta hanci,
ba kalma, ba suna,
almakashi na tafiya, shi ma yana tafiya.
Shekara tara ke nan da aka kai shi.
Shi nake nema.

Na bi bakwai ɗin nan sama da ƙasa, bai fito ba.
Kullum rigar tana yi masa yawa.
Sai wani daren Laraba, an ɗauke wuta, ruwa na dukan kwano,
yatsana ya tsallake na huɗu don gajiya,
ya tsallake na bakwai.
Biyar suka rage.

Ga shi nan.
Ga tarinsa ma, a inda shirun yake.

Takarda ta ba ni bakwai,
tsoho bai taɓa buƙatar biyu ba,
ya zubar da su ƙarƙashin tebur kamar ƙyalle.

Ƙanwata Talatu ta ɗaga labule,
tana riƙe da fitilar waya.
Ba ta ce kome ba.
Ta zauna a bakin ƙofa, ta kashe fitilar.

Na sake kaɗawa, na yi kuskure a tsakiya.
Ta ce, ba haka yake sauka ba.
Ta yi shi da hanci.
Na lalubo, na rubuta a ƙasan awon wandon wani
da na yi alkawarin bayarwa gobe da hantsi,
ko yanka shi ban yi ba.